Taswirar bango ta Jihar Jigawa: a saya, amma a gyara mata wuri biyu

Taswirar nan mai leda da ake samu a shagunan littattafai ta cancanci kuɗinta ga malamin firamare ko ƙaramar sakandare. Ƙananan hukumomi 27 duk suna ciki, kowace da launinta, kuma an rubuta ranar da aka yanke jihar daga Kano, 27 ga Agusta 1991. Ledarta tana karɓar rubutun alƙalamin maka, a goge da tsumma, don haka malam zai iya zagaye masarautun nan biyar da hannunsa: Haɗeja mai ƙananan hukumomi 8, Dutse 7, sai Gumel, Kazaure da Ringim 4 kowace. Da kallo ɗaya yaro zai gane abin da ya sa mutumin Roni ko Gwiwa yake ratsa Kano in zai je Dutse.

Inda ta gaza shi ne ruwa. An ja Kogin Haɗeja da siririn zare shuɗi, kamar iyakarsa ke nan. Babu fadamar Auyo, Guri da Kirikasamma, babu alamar cewa kogin daga haɗuwar Kogin Kano da Challawa yake fitowa, ko cewa madatsun Tiga da Challawa Goje ne ke riƙe da ruwansa. Ɗalibin da gonar mahaifinsa ke nutsewa a Agusta da Satumba, saboda ciyawar kachalla ta toshe hanyar ruwa, ba zai ga garinsu a wannan zare ba. Wannan babban rashi ne, domin shinkafa da alkama da kifin yankin duk daga nan suke. Malam ya ɗauki shuɗin maka ya shafe fadamar da kansa.

Teburin yawan jama'a kuma na ƙidayar 2006 ne, mutum miliyan 4.3 da 'yan kai, amma ba a sa shekarar ba. A rubuta ta a gefe, kada yara su ɗauka lissafin bana ne.

Kada a ninke ta, daga wurin ninki leda ke fara ɗayewa, a naɗe. A ɗaure mata siririn katako sama da ƙasa, a rataye da igiya nesa da taga, don rana tana cinye launi. A bangon ƙasa a bar tazarar yatsa biyu saboda gara da danshin damina.