Kafin ka yi odar sinadarin tutiya don haɗa saiklofirofen

Duk ɗalibin da ya zo mini da takardar odar sinadarai don aikin saiklofirofen, wato zoben kabon uku, abu na farko da nake gani a kanta shi ne dayetilzink, wani sinadarin tutiya. Dalili ɗaya ne: shi ya gani a takardun binciken da ya karanta. Amma waɗanda suka rubuta takardun suna da bututun iskar agon, mai kare sinadari daga iskar waje, a kowane teburi da wutar da ba ta ɗaukewa. Kafin kuɗi su fita daga hannu, gara mutum ya dubi olefin ɗin da zai yi aiki a kansa, wato sinadarin mai ɗaurin ninki biyu tsakanin kabon biyu, ya kuma dubi ɗakin gwajin da zai yi aikin a ciki, domin su biyun ne za su faɗa masa abin da zai saya.

Aikin kansa ba shi da wuyar fahimta. Kana da kabon biyu masu ɗaurin ninki biyu, kana so ka ɗora musu CH2 guda su zama zoben kabon uku. Kowace kusurwa ta zoben digiri 60 ce, alhali kabon ya fi sakewa a wajen digiri 109, shi ya sa zoben yake a takure. Tutiya ita ce 'yar aike: tana shiga tsakanin kabon da aidin a cikin dayodometen, CH2I2, sai a samu IZnCH2I, wanda ke miƙa wa olefin CH2 ɗin a tashi ɗaya. Howard Simmons da Ronald Smith na kamfanin DuPont ne suka bayyana haka a 1958. Kyan hanyar shi ne ba ta hargitsa tsari: rukunan da ke gefe ɗaya a olefin, a gefe ɗaya za su kasance a zobe. Wannan ya shafi duk zaɓuɓɓukan da ke ƙasa, don haka ba shi ne zai raba maka gardama ba.

Mu fara da mafi arha, wato garin tutiya da aka ɗanɗana wa jan ƙarfe, irin na Simmons da Smith na asali. Ana sayar da shi a shirye, amma ni ba na ba da shawarar a saye shi haka, domin yana dushewa idan ya daɗe a kwalba, kuma ba ka san watannin da ya yi a hanya ba. Sayi garin tutiya mai kyau da gishirin jan ƙarfe ka haɗa da kanka ranar da za ka yi aiki. Hanyar Rawson da Harrison ta 1970 ta fi sauƙi: garin tutiya da CuCl a dafa su na ɗan lokaci cikin ruwan narkarwar da ake kira ita (ether), shi ke nan. Ba ya kamawa da wuta don ya ga iska, ɗan digiri na biyu zai iya riƙe shi ba tare da gabansa na faɗuwa ba, kuma ga olefin mai sauƙi irin saikloheksin yana ba da sama da rabin abin da ake nema.

Aibinsa biyu ne, kuma duk wanda ya yi aiki da shi ya san su. Na farko, ba ya da tabbas. Yau ya tashi cikin minti goma, gobe ya yi shiru kamar ba a zuba komai ba, sai mai aiki ya ƙosa ya ƙara dayodometen, sannan komai ya tashi lokaci guda ya yi ambaliya. Ɗan ƙwayar aidin na taimakawa wajen tayar da shi, haƙuri ya fi taimakawa. Na biyu shi ne ita ɗin da ake dafa shi a ciki. Ita na tafasa a digiri 35, kuma wanda ya taɓa zama a ɗakin gwaji a Kano ko Sakkwato a watan Afrilu ya san ɗakin kansa yana kai haka. Idan ruwan da ke zagaya bututun sanyayawa daga tankin saman rufi yake zuwa, ba abin da zai sanyaya. Itan zai tsere ya cika ɗaki, kuma yana da saurin kama wuta ƙwarai. To ka sa ƙanƙara da ƙaramin famfo cikin lissafin kuɗinka. Ban da haka, ita na manne wa tutiyar ya rage mata kuzari, shi ya sa aikin kan ɗauki sa'o'i da yawa.

Wannan ne ya sa gyaran da Furukawa ya kawo daga Jami'ar Kyoto a 1966 ya karɓu. Maimakon gari, sai a yi amfani da dayetilzink, Et2Zn, ruwa ne da ke musayar etil ɗinsa da dayodometen nan take ko a cikin ƙanƙara. Komai a narke yake, kana auna shi da sirinji, kuma za ka iya aiki a cikin dayikulorometen ko dayikuloroeten, waɗanda ba sa riƙe tutiya. Sakamakon jiya shi ne na yau. Idan olefin ɗinka na da tsada, ka shafe watanni kana gina shi, kuma miligiram ɗari biyu kawai kake da shi, wannan tabbacin ya cancanci kuɗinsa.

Sai dai dayetilzink zalla yana kamawa da wuta da zarar ya taɓa iska, kuma ruwa na ƙara harzuƙa shi. Kada ka saye shi zalla. Sayi wanda aka sirka, mola ɗaya a lita a cikin heksen, ko wanda ke cikin toluwin, a kwalba mai murfin roba da ake hudawa da allura. Ko sirkakken ma ba abin wasa ba ne. Ka tambayi kanka da gaskiya: akwai tukunyar naitirojin ko agon da ba za ta ƙare a tsakiyar aiki ba? Akwai akwatin zuƙe hayaƙi mai aiki? Akwai busasshen yashi a kusa, da wanda ya taɓa riƙe irin wannan sirinjin zai tsaya a gefenka? Idan amsar ɗaya daga ciki a'a ce, ka koma ga garin tutiya. Akwai kuma batun jigila: kayan da ke kama wuta da kansu suna da tsauraran ƙa'idojin ɗauka, don haka ka tambayi dillali tun farko yadda zai kawo shi da tsawon lokacin, kafin ka tsara jadawalin aikinka a kansa. Kuma ka sayi ƙaramar kwalba. Mililita 100 na ɗauke da mola 0.1 ne kacal, amma ya ishi gwaje-gwaje da dama, kuma kwalbar da aka huda sau ashirin ƙarfinta ya ragu.

Wanda ya riga ya mallaki dayetilzink yana da ƙananan ƙofofi a buɗe. Masanin sinadarai Scott Denmark ya nuna cewa idan aka sa ClCH2I a madadin dayodometen, abin da ke fitowa ya fi kuzari. Da irin wannan haɗin aka fara ɗora zoben da ke jikin saksagiliptin, maganin ciwon sukari. Shi kuma Yian Shi a 1998 ya zuba asid ɗin CF3CO2H a kan dayetilzink kafin dayodometen, ya samu sinadarin da ke cin olefin masu taurin kai, irin su sitilbin, waɗanda sauran ke jan ƙafa a kansu. Asid ɗin ba shi da tsada sosai. A hankali ake ɗiga shi, a cikin ƙanƙara, domin yana fitar da zafi da iskar eten, C2H6.

Inda nake so ka tsaya ka dubi zanen sinadarinka sosai shi ne nan: akwai OH kusa da ɗaurin ninki biyun? Idan akwai, ka yi sa'a. Oksijin ɗin na kama tutiyar ya jawo ta kusa, aikin ya yi sauri ninkin ba ninkin, kuma a zoben kabon shida CH2 ɗin na sauka a gefen da OH yake. A irin wannan hali garin tutiya mai arha kan yi abin da mai tsada zai yi. Idan kuma siffa ɗaya kake buƙata daga cikin biyun da ke kama da hannun dama da na hagu, to hanyar Charette ta Jami'ar Montreal, wadda ta fito a 1994, ita ce abin saye. Ana haɗa mataimakin daga asid ɗin tatarik da asid ɗin butilboronik, kuma yana ba da fifikon da ya haura kashi 90 cikin ɗari. Ba ɗan kaɗan ake sawa ba, daidai da yawan olefin ne ko ya ɗan fi, don haka ka lissafa kuɗinsa. Su Charette da kansu sun yi gargaɗin cewa haɗin na iya fashewa idan aka yawaita shi, suka gyara hanyar da ƙara DME, wani dangin ita (ether), ya riƙe tutiyar. Gyararriyar hanyar za ka bi.

Idan kuma olefin ɗinka na manne da kabonil, wato C=O, da ke zuƙe masa lantarki, kada ka sayi ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sinadarin tutiya olefin mai wadatar lantarki yake nema. Naka aikin na gishirin salfa ne, hanyar Corey da Chaykovsky.

Saura dayodometen, wanda a mafi yawan lokuta shi ke cinye kasafin, musamman ga mai amfani da garin tutiya. Nauyin mola ɗinsa kusan giram 268 ne, kuma giram 14 kawai daga ciki ke shiga zoben. Sauran duk aidin ne da zai tafi shara. Kwalbar giram 100 ba ta wuce mililita 30 ba, saboda ya ninka ruwa nauyi fiye da sau uku, kuma tun da ana zuba ninki biyu ko fiye na abin da lissafi ya nuna, da kyar za ta ishi mola 0.2 na olefin. Sayi wanda aka sa wa jan ƙarfe a ciki don kare shi, a kwalba mai duhu, ka ajiye shi nesa da rana. Idan ya iso ya yi ja ko ruwan kasa, aidin ne ya fita. A wanke shi da ruwan tayosalfet a busar kafin a yi aiki. Mai babban aiki da ƙaramin aljihu zai iya gwada CH2Br2, wanda ya fi arha ƙwarai, amma sai an tayar da tutiyar da ƙarfi, misali da ɗigon asetil kulorayid, kuma ka fara gwada shi a kan saikloheksin kafin ka kusantar da shi ga olefin ɗin da ka sha wahala a kansa.