Tarho marar igiya a kan intanet: akwatin ATA ko mazauni na musamman?

Alhaji, ka ce ƙaninka ya taho maka da tarho marar igiya daga Ingila, mai kai biyu (kan shi ne wanda ake ɗauka a kara a kunne), kana son ɗaya ya zauna a cikin gida ɗaya a shagon da ke jikin gidan, ana kira da karɓa ta intanet. Tambayarka ita ce ka sayo ɗan akwatin da ke haɗa shi da rauta, wato ATA, ko ka ajiye shi gefe ka sayi wanda aka ƙera don wannan aiki. Na riƙe duka biyun, ga abin da na gani.

A yadda kan tarhon ke magana da mazauninsa, wato gindin da ke haɗa shi da layi, zaɓin biyun ba su da wani bambanci. Dukansu da tsarin rediyon DECT suke magana, a zangon mita 1880 zuwa 1900 MHz, nesa da zangon Wi-Fi, don haka ba sa rigima da shi. A kwali za ka ga an rubuta mita 50 a cikin gini, 300 a fili. Katangar bulo da dakin mai rodi suna cin wani kaso na wannan, saboda haka ka ajiye mazaunin a tsakiya, kada ka cusa shi bayan talabijin. Daga mazaunin zuwa rauta ne hanya ta rabu.

Akwatin ATA, irin Grandstream HT801, bai wuce tafin hannu ba. Aikinsa ya yaudari tsohon tarho: ya ba shi sautin layi, ya sa shi ƙara idan kira ya shigo, tarhon na zaton yana jone da wayar girke irin ta zamanin NITEL. A can Ingila ma kusan abin da ake yi ke nan, don suna rufe tsohon layinsu, wa'adin ƙarshen Janairun 2027, mutane na mayar da tarhonsu bayan rauta. Ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma kayan ƙaninka ba su tashi a banza ba. Sai dai rami ɗaya kira ɗaya ne. Kawunan nan biyu layi guda suke rabawa, in Hajiya na gaisawa da 'yar'uwarta a cikin gida, mai neman shago ba zai same ka ba. Ga kuma ƙananan rigingimu da ke cin lokaci. Filogin tarhon Ingila ba ya shiga ramin RJ11 na akwatin, sai ka canza igiya, kuma ba kowace igiya ce ke dacewa ba ko da ta shiga. Lambar mai kira ma ba lallai ta fito ba sai ka shiga saiti ka zaɓi tsarin Birtaniya. Aikin yamma ɗaya ne ga mai haƙuri.

Mazauni na musamman kuwa kebul ɗin intanet ake soka masa kai tsaye, ba ɗan tsakiya. Grandstream DP750 na ɗaukar kai biyar da kira biyar a lokaci guda, Yealink W60B kai takwas da kira takwas. Kana iya ba shago lambarsa, gida lambarsa, ka tura kira daga wannan kai zuwa wancan. Masu sayarwa za su cika maka kunne da tsabtar murya ta G.722, wani tsarin aika murya ta intanet. Gaskiya ne tana da daɗin ji, amma sai ɗaya ɓangaren ma yana da irinta. In lambar salula ka kira, da wuya kunnenka ya bambance. Ni ba zan ƙara kuɗi don wannan kaɗai ba. Abin da ake biya wa kuɗin shi ne kira da yawa a tare. Wasu mazaunan, musamman na Gigaset, suna karɓar kan wani kamfani ta tsarin GAP da kamfanoni suka yi tarayya a kai, a kira a amsa, amma jerin sunaye da wasu maɓallan kan ƙi aiki.

Ka gode Allah daga Ingila aka kawo. Na Amurka mai tambarin DECT 6.0 yana aiki a 1920 zuwa 1930 MHz, wanda a wajenmu zangon 3G ne, ga cajarsa sau da yawa ta wutar 120 ce, tamu kuwa 230. Na taɓa soka irinta ban karanta ba, wari kawai na ji.

Akwai abin da ko wanne ka ɗauka ba za ka tsere masa ba. Dole ka yi rajista da kamfanin da zai ba ka asusun SIP, wato asusun kira ta intanet, da lamba, don akwatin shi kaɗai ba ya kiran kowa. Data ba ta da yawa: da tsarin aika murya na G.711 minti ɗaya na cin kusan megabayit 1.3, da na G.729 ƙasa da rabin haka. In ka ji kira na shiga amma murya ɓangare ɗaya kawai take tafiya, ka nemi wani zaɓi mai suna SIP ALG a saitin rauta ka kashe shi. Sai batun wuta. Tsohuwar wayar girke daga ofishin tarho take samun wutarta, wannan kuwa da an ɗauke wuta ta yi shiru, ko da batirin kan tarhon a cike yake. Mai ATA abu uku zai ciyar, rauta da akwati da mazauni. Ɗayan abu biyu. In ba ka da inbata ko sola, ka sa ƙaramin batirin rauta cikin lissafi.

Da ni ne kai, idan kiran shago jefi-jefi ne, ATA zan saya. Idan da tarhon ake ciniki, kada ka wahalar da kanka, ɗauki mazauni na musamman. Amma kafin ka fitar da ko sisi, buɗe asusun SIP ɗin, sa manhajar Zoiper ko Linphone a wayarka, ka hau Wi-Fi ɗin gidan ka yi ta kira har mako guda, musamman bayan sallar isha'i lokacin da kowa ya hau intanet. In murya na yankewa a nan, rautar ko kamfanin intanet ɗin za ka fara canzawa.