Tsohon masassaƙin garaya da ya gyara mana jita biyu

Shekara shida ke nan ni da ƙanena muna kaɗa jita tare, irin ta Sifen mai tsirkiyar nailan, wadda ake kaɗawa da farce da tsokar yatsa. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kudu da Wudil, shi kuma tela. Bayan isha'i muke zama a zaure mu yi ta gwaji har dare ya raba. Mun fara ne da kallon 'yan'uwan nan biyu na Birazil, Sérgio da Odair Assad, a waya. In ka rufe ido ana kiɗansu, sai ka rantse mutum ɗaya ne mai hannu huɗu. Babban nasu kuma shi ke tsara musu kiɗa da yawa, wannan ya sa muka ce mu ma namu za mu tsara. Wanda ya fi cin mana lokaci mun sa masa suna Lugude: sauti ɗaya daga gare ni, ɗaya daga gare shi, bi da bi, yadda mata biyu ke sauke taɓare a turmi ɗaya.

A hunturun bara jakin jitar ƙanena, wato ɗan katakon da ake ɗaure tsirkiya a jikinsa a fuskar jita, ya ɗaga. Wani mai shago a birni ne ya sayar masa da tsirkiyar ƙarfe, ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Tsirkiyar nailan shida na jan jaki da nauyin kusan kilo 40, ta ƙarfe kuwa tana kai 70, alhali jakin irin wannan jita manne kawai yake a kan katakon da bai kai kaurin milimita 3 ba. Ga kuma iskar hunturu. Katakon jita na son danshi tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu yakan sauka ƙasa da 20, katako ya tsuke, gam ya saki. Kafintoci biyu na kai wa, kowanne ya ce ƙusa zai buga. Wani mai gurmi ne ya ce in kai wa tsohon da ke haɗa masa kayan kiɗa, can wajen bakin kogi.

Rumfar kara ce, ga ƙorai, ga fatu a shanye, ga gizago da wuƙaƙe. Ya juya jitar, ya ƙwanƙwasa fuskarta da ɗan yatsa yana kasa kunne, sannan ya faɗa mini gaskiya: bai taɓa gyara jita ba. Ya tambaye ni wa ke kaɗa ta. Da na ce mu biyu ne, kowa da tasa, sai ya ajiye ta.

"To, Malam, je ka ɗauko 'yar'uwarta."

Na ce, "Baba, ai waccan lafiyarta ƙalau."

Ya ce, "Shanun huɗa ne. In ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kunya ba ta miƙewa."

Wannan maganar ce ta sa na bar masa su duka biyun, kuma ita ce ta sa nake wannan rubutu. Duk wanda ya tsara kiɗan jita biyu ya san ciwon. A Lugude, zaren kiɗa ɗaya ne muke raba shi tsakaninmu, don haka in tawa tana da zaƙi tasa tana da duhu, mai sauraro zai ji kiɗan yana ɗingishi ko da hannuwanmu sun daidaita. Shekara guda muna ɗora laifin a kan faratanmu, muna ta goge su.

Ga yadda ya yi aikin, don na zauna na ga wani ɓangare. Ya ɗuma siririyar wuƙa ya ɓamɓare jakin a hankali, ya kankare tsohon gam har katako ya fito fes. Danƙon da ya manna da shi, da kansa ya dafa daga guntayen fata, wato dai irin wanda masu ƙera jita na da suka yi aiki da shi tun zamanin Antonio de Torres, wanda ya rasu a 1892, kuma shi ya fitar da siffar jitar da muke riƙewa yau. Amfanin danƙon fata shi ne yana bushewa da tauri, sauti ya ratsa shi, sannan in an so sake gyara, zafi da ɗan ruwa na sakinsa. Ba shi da matsi na ƙarfe, sai ya tokare cikin jitar da guntun ice ta ramin sauti, ya ɗaure waje da robar tayar keke, ya bar ta kwana biyu.

Sai ƙashi. 'Yar farar robar da tsirkiya ke hawa a kan jaki, ya cire ta a jitocin biyu. Ya sa aka sayo masa ƙashin ƙafar sa ranar Juma'a a kasuwar Wudil, ya dafa shi ya fitar da maiƙo, ya shanya, ya tsaga shi biyu, kowace jita ta samu rabi. Ya yi ta goga yana sa mu kaɗa yana saurare. Da na auna da rula daga baya, tazarar tsirkiya da ƙarfe na 12 cikin waɗanda ke jere a wuyan jita ta zo milimita 4 a mai kauri, 3 a siririya, a duka biyun. Shi da ido da kunne ya yi.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba. Mako ɗaya ya ce, sai da muka haura uku, saboda yana noman rani a fadama, kuma ba ya riƙe waya. Sau uku ina ƙona man babur a banza. Wuƙarsa ta bar zane a fuskar jitar ƙanena, gefen jakin kuma akwai tabon danƙo da ba zai fita ba. Makullan ɗaure tsirkiya ba ya taɓa su, ya ce aikin maƙeri ne. Tsirkiya ma ka zo da abarka. Mu a Sabon Gari muke samu, kuma ka duba kwalin da idonka ka tabbata nailan ce. Naira 9,000 ya karɓa, har da kuɗin ƙashi.

Sabuwar nailan takan yi mako tana miƙewa, don haka sai da muka jira kafin mu kai Lugude gaban jama'a. Ranar raba kyaututtuka a makarantarmu muka kaɗa shi, ba lasifika, mun zauna kusa da juna a kan benci a ƙarƙashin darbejiya. Muna tsakiya wata tsohuwa daga cikin iyayen yara ta ɗaga murya ta ce, "Kai, wannan ai daka ake yi!" Ba mu faɗa wa kowa sunan kiɗan ba.

Jakin ya ci bazara da damina bai motsa ba. Yanzu da sanyi ya fara saukowa, kowannenmu na ajiye jiƙaƙƙen soso a gwangwani mai huji cikin jakar jitarsa. Mai son kai wa tsohon aiki ya je da sassafe, kafin ya tafi fadama.