Gajeren naktai na shekarun 1940 ko silikin Italiya na 1990: wanne za ka ɗauka a gwanjo?

Ɗan'uwa, ka ce ka je Ƙofar Wambai ka tarar an fasa dila, ka ware naktai biyu. Ɗaya gajere ne mai faɗi, zanensa ja da ruwan ƙwai, da ɗan ƙaramin tambari can wajen siririn wutsiyarsa. Ɗayan dogo ne, shuɗi mai ɗigo-ɗigo, an rubuta siliki ne ɗinkin Italiya. Kana son ka fara tarawa, kana kuma son abin da za ka riƙa ɗaurawa zuwa ofis, shi ne kake tambayar wanda ya fi.

Ba aiki ɗaya suke yi ba. Na Italiya na sawa ne yau da gobe. Gajeren na ajiya ne da fita ta musamman, in har ya tabbata na shekarun 1940 ne. A nan masu fara tarawa suka fi tafka asara, domin naktai mai faɗi sau biyu ya yi tashe. Na farko bayan yaƙin duniya na biyu a Amurka, lokacin da mujallar Esquire ta tallata salon ado mai ɗaukar ido a 1948. Na biyu ya taso daga Landan a 1966 ta hannun mai tsara tufafi Michael Fish, takwaransa Ralph Lauren ya bi sahu a Amurka a 1967, aka yi ta yayinsa har ƙarshen shekarun 1970. A dilar gwanjo, na zagaye na biyun nan ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, kuma akasarinsu foliyesta ne, wato yadin roba.

Tef ɗin tela shi zai raba gardama, ka riƙa zuwa da shi a aljihu. Na shekarun 1940 tsawonsa yakan tsaya tsakanin inci 45 da 48, faɗinsa inci 4 zuwa 4 da rabi, wasu har 5. Na shekarun 1970 faɗinsu ɗaya, amma tsawonsa yakan kai inci 54 ko ya haura. Sai ka juya bayansa. Tsohon gaske ba shi da madaukin da ake zura wutsiya a ciki, tambarinsa ƙarami ne a ɗinke wajen siririn gefe, wutsiyar kuma tana buɗewa ta yi ɗan faɗi a ƙarshe kamar bakin cokali. Shafin da ke bayan bakinsa sau da yawa fari ne ko ruwan madara, wani ma babu shafin sam, an dai naɗe gefen an kalmashe. Na 1970 kuwa tambarinsa babba ne a bayan faffaɗan gefe, shi ne ma madaukin, cikon cikinsa kuma, wato ƙyallen da ake sawa a ciki don ya ba shi jiki, kauri gare shi kamar soso. In ka ga an jera sunan zare da kashinsa cikin ɗari a kan naktai ɗan Amurka, ka fi kyautata zaton bayan 1960 aka yi shi, don a shekarar ce dokar bayyana zaren tufafi ta fara aiki a can. Sunaye irin su Wembley, Arrow, Cheney da Superba suna fitowa a kan tsofaffin, amma suna kaɗai ba hujja ba ne, tun da kamfanonin sun daɗe suna aiki bayan nan.

Yadda ka siffanta naka, da ɗan tambari a wutsiya, alama ce mai kyau. To mu ɗauka na gaske ne, mu ajiye shi kusa da na Italiya.

Yadi shi ne babban bambancinsu. A lokacin yaƙi an karkatar da siliki wajen ɗinka lemar saukar sojoji daga jirgi, sai masu ɗinka naktai suka koma reyon da asiteti, zaruruwan da ake sarrafawa daga ɓargon itace. Shi ya sa gajeren naka da wuya ya zama siliki, ko da yana sheƙi. Reyon yana shan rini da kyau, kuma wannan kaifin launi shi ne abin so a jikinsa. Aibinsa ruwa: da ya jiƙe ƙarfinsa ya ragu ƙwarai, ya tsuke, rinin ya zuba. Na Italiya na shekarun 1980 zuwa 1990 yawanci daga masaƙun Como yadinsa ya fito, za ka ga an rubuta "seta", wato siliki da Italiyanci. Matse shi a tafin hannu na ɗan lokaci ka saki. Siliki mai kyau yakan buɗe da kansa, ya bar 'yar tamoji kaɗan. Reyon yakan riƙe tamojin. Foliyesta yakan tashi tsam kamar ba a taɓa shi ba, ga santsi da sanyin leda a yatsa.

In ka kai gida kana shakka, zaro zare ɗaya tak daga cikin kalmasar baya, ka riƙe da hantsaki ka kusanta shi da ashana. Siliki warin ƙonannen gashi yake yi, ya bar baƙin ƙulli da yake murƙushewa ya zama gari. Reyon ci yake da sauri da warin takarda, tokarsa ba nauyi. Asiteti narkewa yake da ɗan warin tsami. Foliyesta ya narke ya dunƙule ya yi tauri, ba ya murƙushuwa. Zare ɗaya ya wadatar, kada ka yanki ƙyalle.

Ta wajen ɗinki kuwa kakansu ɗaya. A shekarun 1920 wani mai ɗinkin naktai a New York, Jesse Langsdorf, ya yi rajistar hanyar yanka yadin a karkace, a kusurwar digiri 45, gida uku a haɗe. Yankan karkace shi ke sa naktai ya miƙe in an ja shi, ya koma in an sake shi. A kan tsofaffin Amurka za ka iya cin karo da rubutun "Resilient Construction", wannan hanyar ake nufi. Gwajinsa mai sauƙi ne: riƙe wutsiya ka bar shi ya rataya. In ya sauka sak, lafiya. In ya murɗe kamar igiya, ko dai tun asali an karkace awon yanka, ko wanki ya tsuke cikon ciki ya bar yadin waje. Ba guga da za ta gyara wannan, ajiye musu kayansu.

Buɗe kalmasar baya a hankali, za ka ga zare guda ɗaya dogo ya bi tsawon naktai, wani lokaci da ɗan madauki yana reto wajen ƙarshe. Ba kuskuren tela ba ne. Wannan rarar ce ke ba ɗinkin damar motsi in ka ja ƙulli. Mutane da yawa suna sa almakashi su datse shi don tsabta, bayan 'yan makonni bayan naktai ya wargaje. In ɗinkin ya saki, a mayar da shi da allura da hannu, sako-sako, ana kama cikon ciki ba tare da allurar ta ɓullo gaba ba. Kada ka yarda tela ya bi shi da keke. Ɗinkin keke ba ya miƙewa, ja ɗaya zai tsinke ko ya tattare gaban.

Wuraren lalacewa ma sun bambanta, kuma a cikin rumfa ba a ganinsu, fito da shi haske. A na Italiya, duba daidai inda ƙulli ke zama, ƙarƙashin haɓa. Gumi da man fuska sukan sa wurin ya yi duhu ya yi ƙyalli, gemu kuma yakan tsattsage zaren ya tayar da gashi-gashi. Duba tsinin baki da gefuna biyu ko sun fara cinyewa. A tsohon kuwa, ɗaga shi saitin rana ka nemi ƙananan huji. Cikon cikinsa ulu ne siriri, asu na sonsa, kyankyaso kuma na bin wurin da abinci ya taɓa ɗiga. Ja yadin kaɗan tsakanin yatsu biyu a wajen wutsiya. In ka ji ƙaramar ƙara kamar ta busasshen ganye, ko ka ga tsaga tana bin layi, zaren ya mutu. Irin wannan sai dai a sa a gilashi a kalla, ɗauri ɗaya zai raba shi biyu.

Sai maganar sawa, inda na Italiya ya yi wa ɗan'uwansa fintinkau. Tsawonsa inci 56 zuwa 58, faɗinsa inci 3 da rabi zuwa 4, don haka tsininsa zai sauka kan bel da wandon zamani ba wahala. Abin lura ɗaya shi ne faɗinsa ya yi kusa da faɗin kunnen kwat ɗinka. Naktai mai inci 4 a kan kwat mai siririn kunne yakan fito kamar aro. Gajeren kuwa an yi shi ne a zamanin da wando ke zama a cibiya ko sama da ita, kwat kuma a rufe. Ka ɗaura shi da wandon da ke zama a ƙugu, sai farar riga ta leƙo tsakanin tsininsa da bel kusan faɗin tafin hannu. Maganinsa uku ne: tela ya ɗinka maka wando mai dogon ƙugu, ko ka sa falmaran a kai, ko ka bar kwat a maɓalle. Ƙullinsa kuma sai dai ƙaramin nan mai zagaye ɗaya. Babban ƙullin Winza yana cin tsawo da yawa, ba abin da zai rage. Ka bar wutsiyar ta gajarce yadda ta so, ka kama ta da maƙalli a jikin riga tun da babu madauki. In kai dogo ne kuma wuyan rigarka ya kai inci 17, gaskiya ko da dabarun nan da ƙyar zai zauna maka.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. Daga Maris zuwa Mayu gumi yakan ratsa kwala, kuma jan rinin tsohon reyon yana iya sauka a kan farar riga ya ɓata duka biyun. Kafin ka fara sa shi, jiƙa farin ƙyalle kaɗan ka danna a bayan wutsiya inda ba a gani. In launi ya biyo, to na lokacin sanyi ne kawai, ko ɗakin taro mai na'urar sanyaya ɗaki. Silikin ma ba ya son gumi, gishirinsa yana raunana zare a hankali, amma ya fi juriya, musamman in kana hutar da shi kwana biyu tsakanin sawa da sawa. Turare kuma a fesa a jiki ya bushe kafin a ɗaura. Turare mai maiƙo in ya taɓa siliki yakan bar tabo mai zobe da ba ya fita.

Dukansu biyu ba a tsoma su a ruwa, kuma kada su shiga ƙullin kayan mai wanki da guga. Dutsen guga yana danne gefen da ya kamata ya zauna a kumbure, ya fito da shatin ɗinkin baya a gaba, ya bar ƙyalli na har abada. Tamoji da tururi ake fitar da ita: tafasa ruwa a buta, riƙe naktai kamar taƙi ɗaya daga bakin butar, ka bi da shi sama da ƙasa, ka kula kada ɗigon ruwa ya faɗa masa, sannan ka naɗe shi sako-sako daga wutsiya ya kwana. In manja ko man miya ya ɗiga, kada ka goge. Ɗebe na sama da gefen cokali, zuba farar hoda ko garin sitaci ya rufe wurin, bar shi ya kwana, ka kakkaɓe da burushi mai laushi, ka maimaita sau biyu ko uku. Ruwan goge jan farce kuwa ko kusa da tsohon kada ya zo, domin in asiteti ne narkar da shi zai yi ya bar rami. Warin dila yakan tafi in ka rataye shi a inuwa inda iska ke kaɗawa kwana biyu zuwa uku. Rana tana cinye launi. Da damina ka riƙa buɗe akwatin ajiya lokaci-lokaci saboda fumfuna, kuma kada ka ajiye su cikin leda. Wajen kwancewa, bi ƙullin da baya-baya yadda ka ɗaura. Fizgo wutsiya ta cikin ƙulli shi ke miƙar da cikon ciki har naktai ya fara murɗewa.

In kuɗin na ɗaya ne, mu dai gajeren za mu ce ka ɗauka, matuƙar awo ya nuna bai kai inci 50 ba kuma yadinsa bai mutu ba. Silikin Italiya na shekarun 1990 kusan kowace dila tana fitar da irinsa, in ka koma mako mai zuwa za ka samu wani, a Ƙofar Wambai ko Kasuwar Barci a Kaduna. Wanda ya haura shekara 70 ya iso nan da launinsa da ɗinkinsa ba kullum yake faɗowa ba. In kuwa tef ya nuna inci 55 kuma yadin ya tashi tsam a hannunka, na 1970 ne, ɗauki shuɗin ka taya wancan da kuɗin foliyesta in zanensa ya burge ka.