Zynga Poker: manhajar da ke koyar da dokokin foka da sauri, amma ba ta koyar da haƙuri

Kamfanin Zynga, wanda a lokacin yake birnin San Faransisko a Amurka, ya fito da wannan wasan karta a shafin Facebook a shekarar 2007, daga baya ya zama manhaja ta wayoyin Android da iPhone, kuma tun 2022 kamfanin yana ƙarƙashin Take-Two Interactive. Saukewa kyauta ce, kuma ana bai wa sabon shiga kwabban wasa da zai zauna da su a tebur. Nau'in da aka gina manhajar a kansa shi ne Texas Hold'em, wanda da shi ake buga babbar gasar duniya da aka fara a Las Vegas a 1970. Abin da na duba shi ne ko wanda bai taɓa buga foka ba zai iya koyon ta a nan.

Wanda ya saba da Whot zai ɗan sha mamaki da farko, domin a foka ba a rige-rigen zubar da karta. Ana amfani da karta 52, a raba wa kowa biyu a rufe. Kafin rabon, mutum biyu da ke hagun mai rabo sukan ajiye kwabbai na dole, ɗaya ƙarami ɗaya babba, don a sami abin da za a yi takara a kai. Daga nan sai a buɗe karta uku a tsakiyar tebur, sannan ta huɗu, sannan ta biyar, kuma kowa yana da haƙƙin haɗa su da biyun da ke hannunsa ya fitar da biyar mafi ƙarfi. Sau huɗu ake zagayen zuba kwabbai, kuma a kowane zagaye mutum zai iya janyewa, ko ya biya daidai da abin da na gabansa ya zuba, ko ya ƙara a kai, ko kuma ya wuce idan babu wanda ya zuba komai. A wannan fanni manhajar ta yi ƙoƙari ƙwarai, domin ita ke rabo, ita ke lissafi, kuma ba ta barin mutum ya yi abin da doka ba ta yarda da shi ba, ta yadda tsarin zagayen kan zauna a kai ba tare da an yi haddar komai ba.

Haka ma jerin ƙarfin hannu. Tagwaye, wato karta biyu masu lamba ɗaya, sun fi hannun da babu haɗi a cikinsa. Tagwaye biyu sun fi su, 'yan uku sun fi tagwaye biyu, sai karta biyar a jere, sai biyar masu alama ɗaya, sai 'yan uku haɗe da tagwaye, sai 'yan huɗu, sannan jeri mai alama ɗaya, wanda mafi girmansa shi ne daga goma zuwa as, wato karta mafi girma. Wurin da sababbi suka fi rikicewa shi ne tsakanin jeri da alama ɗaya, kuma da yake a ƙarshen kowane hannu manhajar tana haska kartocin da suka ci, ido kan gane bambancin tun kafin kwakwalwa ta riƙe shi.

Inda take da rauni shi ne a ainihin abin da ake kira iya foka, wato sanin lokacin janyewa. Cikin hannaye 221, sau ɗaya kawai ake sa ran mutum ya sami as biyu, kuma ko tagwaye na kowace lamba sau ɗaya ne cikin 17, saboda haka ƙwararru sukan yar da mafi yawan abin da aka raba musu tun kafin a buɗe karta ko ɗaya. A ƙananan teburan manhajar kuwa, tunda kwabban ba su da wata daraja kuma ana sake bayar da wasu kyauta, sai ka ga mutum uku sun tura duk abin da ke gabansu da bakwai da biyu a hannu, wato hannu mai rauni ƙwarai. Burga, wadda ita ce gishirin wasan, ba ta cika aiki a kan wanda ba ya tsoron asara ba.

Ga misalin abin da mai koyo zai nemo da kansa. A ce kana da karta huɗu masu alama ɗaya, saura karta guda da za a buɗe. Tara ne za su cika maka hannu cikin 46 da ba ka gani ba, wato ƙasa kaɗan da kashi 20 cikin ɗari. Idan akwai kwabo 100 a tsakiya, abokin karawa ya ƙara 50, za ka biya 50 ne don neman 150, kuma hakan ba ya zama riba sai damarka ta kai kashi 25. Lissafi ya ce ka janye, amma agogon da ke ƙirga maka daƙiƙu da yanayin teburin duk suna ingiza ka ka biya.

Sai batun kuɗi, wanda ya kamata a faɗe shi ƙarara. Ana sayen kwabban da kuɗi na gaske, amma ba a mayar da su kuɗi, kuma tallan sayensu yana yawan fitowa, musamman idan na mutum sun ƙare. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa wasan na manya ne kuma na nishaɗi ne kawai. Duk da haka siffarsa siffar caca ce, har da injin juyawa mai ba da kyautar kwabbai, kuma mai karatu Musulmi ya san matsayin caca a addininsa. Ni dai ba zan bar ta a wayar da yara ke ɗauka ba, kuma ba zan haɗa ta da katin banki ba.

Babu Hausa a cikinta, don haka dole mutum ya gane maɓallan Fold (janyewa) da Check (wucewa) da Call (biyan daidai) da Raise (ƙarawa) kafin ya zauna. Tana kuma buƙatar intanet mai ɗorewa, domin idan layi ya yanke lokacin da zagaye ya zo kanka alhali wani ya riga ya zuba, agogo zai ƙare a ɗauka ka janye, ko da as biyu ne a hannunka.