Asabar Shida da Jan Biron Malama

Shekara huɗu na yi ina rubuta labarai a waya ina turawa zaurukan WhatsApp. Littafi uku na kammala a haka, shafi-shafi, yawanci bayan isha'i idan na gama makin littattafan ɗalibaina. Masu karatu ba su taɓa rage ni da addu'a ba. "Allah ya ƙara basira." "Anti don Allah a ƙara yawan tayifin." Ina jin daɗin wannan har cikin raina, har gobe kuma ina gode musu. Amma sau biyu ina tura gajeren labari wata gasa ban ji ko ɗuriyarsa ba, kuma duk cikin masu yabona babu wadda ta iya nuna min inda gizo ke saƙar. Shi ya sa da wata abokiyar aikina ta ba ni labarin ajin koyon rubutun ƙagaggen labari da ake yi ranar Asabar a Unguwar Rimi, nan Kaduna, na cire naira dubu goma sha biyar daga kuɗin adashena na biya.

Ga abin da kuɗin ya ƙunsa: zama shida, daga goma na safe zuwa azahar, da kuma tace gajeren labari guda ɗaya har sau biyu. A wani ajin makarantar kuɗi ake yi, wanda ake ara saboda babu yara ranar. Mu goma sha huɗu ne, mata tara, maza biyar. Mai ajin dattijuwa ce, ta koyar da Hausa a sakandare har ta yi ritaya, ta kuma daɗe tana duba wa masu ɗab'i rubutu kafin a buga. Ta roƙe mu kada mu yaɗa sunanta, don haka Malama zan ce, kamar yadda muke kiran ta.

Tun kafin ranar farko ta sa kowa ya aiko da shafi uku. Da muka zauna sai ta raba mana su a buge a takarda. Na karɓi nawa na ga ja ya rinjayi baƙi. Sakin layin farko kacokan ta zagaye shi, ta ja kibiya zuwa gefe ta rubuta da ƙananan baƙaƙe: "Wace ce wannan?" A wurin na siffanta tauraruwata ne, fara sol, dogon hanci, gashi har gadon baya, tana saukowa daga benen gidan mahaifinta a Abuja. Malama ta zo ta tsaya a kaina, ta ɗora yatsa a kan layin.

"Ƙanwata, kin taɓa kwana a irin wannan gida?"

Na ce a'a, Malama.

"To ina kike kwana?"

Na ce Rigasa.

"Me kika fara ji da kunnenki yau da asuba?"

Na yi shiru, sannan na ce kiran salla, sai ƙarar kurar mai ruwa tana karo da dakalin ƙofar gidanmu, don kullum sai ya buge shi idan zai sha kwana. Ta ce, "Wannan kurar ta fi benen nan rai. Ita babu wanda ya san ta sai ke. Benen kuwa na karanta shi a littafi ya fi ɗari."

A keken da na shiga zuwa gida ban yi magana da kowa ba. Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Amma kafin na sauka na riga na san gaskiya ta faɗa, domin ni kaina ban san ƙamshin falon da na rubuta ba, ban san me ake ci a gidan ba, ban san da wace murya uban yarinyar ke kiran direbansa ba. Aro na yi daga littattafan da su ma aro suka yi.

Abin da ya fi komai daraja a ajin nan shi ne aikin mako na biyu. Ta ce kowa ya je wuri mai jama'a ya zauna awa guda, ya ajiye waya a jaka, ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji kawai, ban da abin da yake zato. Ni Kasuwar Barci na tafi, wajen masu gwanjo, na sami benci kusa da wani mai rigunan sanyi. Minti ashirin na farko ban rubuta komai ba, don gani nake babu abin rubutawa. Can sai ga wata mata da yaro ɗan kamar shekara bakwai. Ta ɗaga wata rigar sanyi ruwan toka, ta juya cikinta waje, ta bi ɗinkin hammata da babban yatsa a hankali, ta ɗaga ta saitin rana tana neman huda. Ta kara ta a bayan yaron, hannun rigar ya wuce yatsunsa. Mai kaya ya ce ta yi masa yawa, bari ya duba ƙarama. Ta ce, "Bar ta, har ƙaninsa za ta kai." Ta kwance bakin zaninta ta ƙirga kuɗin sau biyu kafin ta miƙa.

Na karanta wannan a aji ranar Asabar. Malama ta tambayi sauran ko matar nan mai hali ce, duk suka ce a'a. Ta ce a nuna mata inda na rubuta kalmar talauci. Babu. A nan na gane abin da take nufi da a bar mai karatu ya gani da idonsa. Da a da ne, da na cika rabin shafi da "ta taso cikin ƙunci da wahalar rayuwa", kuma da babu wanda zai tuna ta.

Mako na uku na ƙa'idojin rubutu ne, kuma a nan ne mu 'yan onlayin muka fi shan ja. Malama ba ta wasa da rabawa da haɗewa. "Shi ne" kalma biyu ce, haka "za ta". "Akan" na al'ada daban, kamar a ce akan yi ruwa a watan Agusta, "a kan" na wuri daban, kamar a ce ta ɗora tulu a kan dakali. Ta rubuta "baki" da "baƙi" a allo, ta rubuta "kafa" da "ƙafa", ta ce duk wanda ya yar da ƙugiya ya bar wa mai karatu aikin da shi ya kamata ya yi. A take ta sa muka ciro wayoyinmu muka ƙara Hausa a Gboard, manhajar tayifin ta waya, inda ɓ da ɗ da ƙ suke a shirye. Wasu sun ga wannan zaman ya yi kama da darasin firamare. Ni malamar firamare ce, kuma na ce ya dace, don na san abin da ba a gyara shi tun daga tushe ba haka yake girma.

Wani abin da nake so game da ita, ba ta ba da ƙwarin gwiwa da zaƙin baki, da tarihi take bayarwa. Ranar da wata yarinya ta yi hawaye saboda yawan gyaran da aka yi mata, Malama ta ajiye biro ta ba mu labarin gasar 1933, wadda Hukumar Fassara ta shirya ƙarƙashin Rupert East, a nan Zariya kusa da mu. Ta ce Abubakar Imam yana malamin makaranta a Katsina, bai wuce shekara ashirin da biyu ba, ya shiga da Ruwan Bagaja, kuma daga gasar nan ne aka sami Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ta ce Imam ɗin da muke karantawa a makaranta, shi ma zama ya yi da edita suna bin rubutunsa, kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Ta dubi yarinyar ta ce, "'Yata, wanda aka yi wa gyara an karanta shi ke nan. Share hawayenki ki kawo min shi mako mai zuwa." Ta kuwa kawo.

Ba zan manta da Baba ba, dattijon da ke zama a bencin gaba saboda idonsa. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, ya shekara ashirin da wani abu a gaban injin kafin a rufe. Shi ba ya tayifin, a littafin makaranta mai layi yake rubutu, jikarsa ta buga masa. Labarinsa a kan jiniyar canjin aiki ne, yadda unguwa guda ke tashi da ita ta kwanta da ita, da yadda matarsa ta ci gaba da farkawa a daidai lokacin shekaru bayan jiniyar ta yi shiru. Jimlolinsa dogaye ne, wani lokaci sai ka nemi numfashi, amma da ya karanta babu wanda ya motsa. Malama ta rage masa kusan kashi ɗaya cikin uku, ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Malama, a masaƙa ma sai an yanke zaren da ya yi saura." Tun 1957 aka fara saƙa da inji a garin nan, dubban gidaje suka ci abinci da ita, amma ni ban taɓa karanta ƙagaggen labarin Hausa a kan wannan rayuwa ba sai a bakin Baba. Abin ya tsaya min a rai, don mu da muke da wayoyi da masu karatu muna can muna gina benaye a Dubai.

To, akwai inda ajin ya gaza, kuma duk mai niyyar biya ya kamata ya sani. Mutum goma sha huɗu sun yi wa awa uku yawa. Akwai Asabar biyu da ba a kai ga karanta nawa ba, wasu maza biyu kuma sukan riƙe magana su daɗe, Malama ba ta cika katse su ba. Gyara na biyu da aka ce zai dawo cikin mako guda sai da ya yi kusan uku. Ajin da zafi idan an ɗauke wuta, ga shi babu inda mai goyo za ta keɓe.

Babban ƙorafina shi ne zaman ƙarshe, na yadda rubutu ke isa hannun jama'a. Ta yi bayanin yadda ake neman lambar shaidar littafi ta ISBN a Ɗakin Karatu na Ƙasa, ta ambaci ƙungiyar marubuta ta ANA da amfanin zama da 'yan'uwa marubuta, ta kawo gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 domin mata, ta ce shi ya sa ta ƙayyade mana kalma 1,500, don mu saba da faɗin magana a taƙaice. Duk wannan ya yi. Amma da aka zo kan intanet sai ta wuce da sauri, har da ɗan yamutsa fuska. A nan ban yarda da ita ba. Yawancin matan da ke ajin a WhatsApp da manhajar karanta labarai ta Wattpad suka fara, a can masu karatunsu suke, a can wasu ke samun na sabulu ta hanyar sakin shafukan kyauta sannan a biya a karanta sauran. Muna da tambayoyi na gaske: yadda za ka hana a kwashe maka littafi a watsa a wasu zauruka, yadda za ka sa farashi, yadda za ka riƙa sakin shafi kullum ba tare da labarin ya yi ta jan ƙafa ba. Ba mu sami amsar ko ɗaya ba. Littattafan da aka yi wa laƙabi da adabin kasuwar Kano ma an raina su a farkonsu, yau ga shi ana nazarin su a jami'o'i. Da Malama za ta gayyato wata marubuciyar onlayin da ta ga jiya ta ga yau ta riƙe wannan zaman, da ajin ya cika.

Duk da haka, idan aka tambaye ni ko kuɗin ya biya, zan ce ya biya tun a mako na biyu. Wanda yake neman a ce masa ya iya, kada ya ɓata kuɗin motarsa. Wanda kuma ya gaji da yabo yana son a zauna a bi masa rubutu layi-layi, ya je da shafi ukun da ya fi alfahari da su, ya tafi da biro da littafin rubutu, ya kuma karya kumallo sosai don babu hutu a tsakani. Ga mai zuwa daga Rigasa ko Tudun Wada, ya fito tun tara saura, saboda cunkoson cikin gari.

Labarin da na shiga da shi yana da kalma dubu huɗu da wani abu. Na jingine shi. Wanda nake kai yanzu a kan matar Kasuwar Barci ne da rigar sanyin nan, na ba ta suna, na ba ta miji mai gadi da ke kwana a wajen aiki, na sa ƙanin yaron ya kamu da tari a farkon hunturu. Yana kan gyara na huɗu, kalma 1,380. Na tura wa zaurena shafin farko a makon jiya, wata ta rubuto cewa ita ma haka mahaifiyarta ke duba hammatar riga. Ranar Asabar mai zuwa zan kai wa Baba kwafi a Kakuri, don ya ce jikarsa za ta karanta masa.