Wata guda da manhajar taswirar Yaƙin Basasa

Saboda Baffa na sauke wannan manhaja. Tsohon soja ne, cikin samarin da suka yi yaƙin tun farkonsa a 1967, kuma tun ina yaro nake jin Nsukka da Ogoja a bakinsa ba tare da na san wacce ce gabas wacce ce yamma ba. Da na ga tallarta, wai tana nuna fagagen Yaƙin Basasar Najeriya a kan taswira mai motsi tare da muryar mai bayani, sai na biya kuɗin wata guda in gani da idona.

Ta fuskar taswirar dai, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Akwai ɗan layi a ƙasa da kake ja da yatsa, kwanaki na tafiya, launin yankuna na sauyawa. Za ka fara daga 30 ga Mayu 1967, ranar da Ojukwu, gwamnan soja na Yankin Gabas, ya ayyana ƙasar Biyafara, ka iso 6 ga Yuli da aka fara ba-ta-kashi a Gakem, kusa da Ogoja. Daga nan kibau biyu ke gangarowa daga arewa, dakarun Runduna ta 1 ta Muhammad Shuwa, ɗaya ta nufi Ogoja ɗaya Nsukka, kuma cikin mako biyu garuruwan biyu sun faɗa hannun sojan tarayya. Kafin Yuli ya ƙare Benjamin Adekunle ya biyo ta ruwa ya kama Bonny, inda ake lodin ɗanyen mai. Ganin wannan saurin ka gane abin da ya sa gwamnatin Gowon ta ɗauki abin a matsayin ɗan aikin 'yan sanda kawai.

Inda jikina ya yi sanyi shi ne 9 ga Agusta. Kwatsam sai ga kibiyar sojan Biyafara ta fito daga Onitsha, ta haye gadar Neja, ta haɗiye Jihar Tsakiyar Yamma, Benin da komai, kusan ba turjiya. Victor Banjo ke jagorantarta, kuma bai tsaya ba sai Ore, kusan kilomita 200 daga Legas. Na sha karanta wannan labari, amma sai da na ga tazarar da idona na yarda cewa babban birnin ƙasa na lokacin ya shiga haɗari da gaske. A gurguje aka harhaɗa Runduna ta 2 aka ba Murtala Muhammad, ya koro sojan Biyafara, ya karɓe Benin ranar 20 ga Satumba. A watan ne kuma Ojukwu ya sa aka harbe Banjo a Enugu, garin da shi ma ya faɗi ranar 4 ga Oktoba.

Ranar da na kai wa Baffa, sai da ya goge gilashinsa da bakin riga kafin ya karɓi wayar. Ya kalli kibiyar ta zarce daga Nsukka zuwa Enugu kamar ƙiftawar ido, ya ce, "Ɗan nan, mayar mini baya." Na mayar. Ya ɗora yatsa a tsakiyar hanyar ya yi shiru. Can ya ce damina ce fa, takalmi ba ya bushewa, kuma wannan ɗan taƙin da na tsallake da yatsa sun fi wata biyu a cikinsa. Babban aibin manhajar ke nan a wurina: kibau ne ke yaƙi, ba mutane ba.

A Asaba abin ya fi fitowa fili. Kisan da sojan tarayya suka yi wa ɗaruruwan fararen hula maza a farkon Oktoba 1967, jimla biyu aka ba shi, sai aka wuce ga yunƙurin Murtala na tsallaka Neja zuwa Onitsha da jiragen ruwa, wanda ya ci rayukan sojoji da yawa bai yi nasara ba. Wannan kuwa an yi masa minti kusan goma, har da ƙarar bindiga. Raina bai so ba.

Sauran ƙorafin ƙanana ne. Turanci kaɗai take yi, don haka ni ne tafintan Baffa. Mai bayanin yana murɗe sunayen garuruwa har sai ka duba rubutun ka gane inda yake nufi. Tana shan data kamar ruwa, ba ta buɗewa in babu intanet, kuma ta cire mini kuɗin wata na biyu ba sallama.

Na so in soke rajistar a ranar. Sai Baffa ya aiko jikarsa ta tambaye ni ko mun iso Abagana, inda aka ƙone jerin motocin Runduna ta 2 a ƙarshen Maris 1968. Ba mu iso ba tukuna. Na ce ta gaya masa ina nan tafe bayan sallar Isha'i, ya tanadi gilashinsa.